Takardar jabun da ta kunyata ni a gaban malamai

Makon jiya na karɓi sakamakon digirina na biyu a tarihi, amma har yau in na tuna ranar da na gabatar da babi na uku sai gumi ya karyo mini.

Kundina a kan coci ne da Farankawa, wato al'ummar da ta mulki yankin Faransa da yammacin Jamus na yau bayan faɗuwar Daular Rum ta yamma. Tun farko na riga na yanke cewa Paparoma ke juya sarakunansu kamar waina a tanda. Ga hujja kuwa: kafin Pepin, babban jami'in fada, ya tuɓe sarkinsu Childeric na Uku a 751 ya hau gadonsa, sai da ya aika wa Paparoma Zakariya tambaya, wa ya fi cancanta da sarauta, mai suna ko mai iko? A 754 kuma Paparoma Istifanus na Biyu ya zo har Saint-Denis, kusa da Paris, ya shafa masa man sarauta. Sai na ɗora komai a kan wata takarda mai cewa sarkin Daular Rum Konstantin ya ba Paparoma Silbasta kyautar Roma da yammacin daula, tukwicin warkar da shi daga kuturta. A intanet na tsinci fassararta, ba gabatarwa ba sharhi. Shafi tara na gina a kanta.

Farfesan da aka gayyato daga wata jami'a ya bari na gama tsaf, sannan ya zare tabarau ya ce, "Malam, ba ka da labarin tun 1440 Lorenzo Valla ya tona asirin takardar nan?" Ashe Latin ɗinta ba na zamanin Konstantin ba ne, wanda ya mutu a 337. Wajen ƙarni na 8 aka ƙaga ta. Ɗakin ya yi tsit, ban da ƙarar fanka. Malamin da ke duba aikina kuwa, wanda ya sa hannu a babin da jan biro, ya sunkuyar da kai yana latsa waya. Da na same shi a ofis cewa ya yi, "Ai na ɗauka ka sani." Wata uku babin nan ya yi a teburinsa, ya dawo mini da shatin kofin shayi a bango.

Na yi kwana biyu ban taɓa littafi ba. Da na koma sai na ga abin da ke gabana tun da: mai ƙarfi ba ya bukatar takardar jabu. Istifanus neman ceto daga Lombardawa, masu barazana ga Roma daga arewacin Italiya, ya kawo shi wajen Pepin. Paparoma Leo na Uku da ya ɗora wa Sharlaman, ɗan Pepin, kambi ran Kirsimetin shekarar 800, a 799 aka tare shi a titin Roma ana neman ƙwaƙule masa ido da yanke masa harshe, ya tsere har Paderborn a Jamus ta yau wajen Sharlaman ɗin. Kwana biyu kafin naɗin ma rantsuwa ya yi a gabansa don wanke kansa daga zargi. Coci na bukatar takobi, sarki na bukatar albarka da masu alƙalami. Wannan babin da na sake daga tushe shi ya fi samun yabo a ƙarshe.

Sauran darussan gajeru ne. Kowace takarda ka tambayi wa ya rubuta ta: labarin baftismar Clovis, sarkin Farankawa, daga bishop Gregory na Tours muka ji shi, mutumin da ko haihuwarsa ba a yi ba sa'ad da Clovis ya mutu a 511. Sa hannun malami kuma ba shaidar ya karanta ba ne.

A shafin godiya na ba malamina layi ɗaya, kamar yadda al'ada ta tanada. Farfesan nan mai tabarau ya samu huɗu.