Laraba: wuni guda a kan keken tururin Cugnot

Yau tun bayan azahar nake kan zanen keken tururin da Nicolas-Joseph Cugnot, injiniyan sojan Faransa, ya ƙera don jan igwa ba tare da dawakai ba. Ya fara gwada ƙarami a 1769, babban kuma ya biyo baya a 1770. Shi ne wanda har yanzu ke ajiye a gidan tarihi na Arts et Métiers a Paris.

Ƙafafunsa uku ne, biyu a baya, ɗaya a gaba, kuma ta gaban ce ke ɗauke da duk wahala. A kanta aka ɗora silinda biyu a tsaye, tukunyar tururi kuma tana rataye a gabanta. Tururi ya tura fistin ɗaya (ƙarfen da ke hawa da sauka cikin silinda) ƙasa, sanda mai lilo ta ɗago ɗayan sama. Kowane fistin yana jan wata ƙugiya da ke kama haƙoran faifai a gefen ƙafar: in ya sauka ya juya ta, in ya koma sama ƙugiyar ta zame bisa haƙoran. Da haka motsin sama da ƙasa ke zama juyi. In an juya fuskar ƙugiyoyin, keken ya koma da baya. Wannan dabara ta burge ni ƙwarai, kuma ina ganin ba a ba ta haƙƙinta.

Tukunyar ce ta kashe aikin. Murhunta ba ya samar da tururi daidai da yadda silindojin ke shanye shi, don haka bayan kamar minti 15 sai a tsaya, a gyara wuta, a jira ƙarfi ya taru. An so keken ya ɗauki tan 4, amma gudunsa bai kai kilomita 4 a awa ba, ɗan dako ma zai wuce shi. Ga kuma nauyi: direba in zai karya kwana, ƙafa da inji da tukunya duka yake juyawa. In babu kaya a baya, gaba ya rinjaya. A kan hanyar igwa mai ramuka wannan babban aibi ne. Choiseul, ministan da ke mara masa baya, ya rasa muƙaminsa a ƙarshen 1770, aikin ya tsaya. A 1772 Sarki Louis na 15 ya yanka wa Cugnot fansho.

Da magariba na buɗe bayanan tankar yaƙi Mark I ta Birtaniya, wadda ta fara shiga yaƙi ran 15 ga Satumba 1916 a Flers-Courcelette, ƙasar Faransa, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Shekara 146 tsakani, amma ciwon bai canza sosai ba: inji mai ƙarfin doki 105 yana jan kusan tan 28, gudu kamar kilomita 6 a awa. Mutum takwas ne a ciki, huɗu daga cikinsu aikinsu tuƙi kawai: direba, kwamanda a kan birki, da biyu masu sauya giyar kowane gefe. Injin yana tsakiyar ɗakin ba shamaki, zafi da hayaƙi suna galabaitar da mutane. Tanka 49 aka tanada ranar, 32 suka iya fita, mafi yawan sauran sun lalace ko sun maƙale tun kafin a kai bakin daga.