Wuni guda a zauren injiniyoyin Romaniya

Asabar, ƙarshen Nuwamba, Toronto

Sanyi ya fara cizo tun asuba, ga 'yar ƙanƙara ta kwana a kan motoci. Da don ta ni ne da ban leƙa waje ba. To amma na riga na yi wa abokin aikina alkawari, ɗan Romaniyar nan da teburinsa ke kusa da nawa, wanda ya riƙa zama da ni bayan an tashi aiki lokacin da nake shirin jarrabawar dokoki da ɗa'ar aikin injiniya. Wanda ya yi maka haka ba ka ce masa sanyi ne ya hana ka zuwa. Na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, na sauka na kama bas, na isa wajen ƙarfe goma.

Zauren yana ƙasan wani cocinsu. Taro biyu suka haɗa: da safe maganar aiki, da yamma bikin ranar ƙasarsu, 1 ga Disamba, ranar da aka haɗe yankin Transilbaniya da Romaniya a taron Alba Iulia a 1918. A bakin ƙofa wata mata ta tare ni da tambaya uku, ko sunana ba ta nema ba tukuna: wane fanni, wace jami'a, kana da lasisi? Na ce gine-gine, Zariya, ina da shi. Ta ce, "To Injiniya, yau kai ma mai ba da shawara ne," ta nuna mini teburin masu gine-gine. Akwai na lantarki, na injina, da na masu manhajar kwamfuta, wanda ya fi kowanne cika da surutu.

A teburinmu na ga yadda suke karɓar sabon zuwa. Wani matashi daga birnin Cluj na Romaniya, bai daɗe da sauka ba, ya kawo takardar bayanin aikinsa shafi biyar. Wata injiniya mai furfura ta ɗauki jan biro ta bi ta layi-layi har ta mai da ita shafi biyu. Ta soke hoton, ta soke ranar haihuwa, ta ce a nan ba a sa su. Sai ta tambaye shi gadar da ya ce ya yi aiki a kanta: tsawonta nawa, wane ɓangare ne shi da kansa ya lissafa, wace matsala ta taso, yaya ya yi da ita. Yaron yana ta gumi cikin wannan sanyi. Da ta gamsu, sai ta ɗauki waya a gabansa ta aika wa wani saƙo. Na lura ba ta aika ba sai da ta gwada shi. Abokina ya raɗa mini cewa idan ta tura wanda bai iya ba, na gaba da za ta tura ba za a saurare shi ba, shi ya sa take tsanantawa.

Wannan abu ya tsaya mini a rai. Mu a gida da an ce wane ya sa baki an ɗauki wane, sai a ce hanya ce. Abin da na gani yau daban ne. Mai ɗaukar aiki a nan lardin Ontariyo bai san nauyin digirin jami'ar Politehnica ta Bukarest ko ta Timișoara ba, bai san wahalar lissafin da ake sha a can ba. Dole wani da ya riga ya yarda da shi ya ce masa, na san makarantar, na zauna da yaron, ya iya. Sunanta ta jingina, kuma ta san abin da za ta rasa.

Shekara da shekaru dokar hukumar lasisin injiniyoyi ta Ontariyo, PEO, ta ce cikin shekara huɗu na gogewa da ake nema, ɗaya dole ta kasance a Kanada ƙarƙashin mai lasisi. Ba a ba ka aiki sai da gogewar Kanada, gogewar kuma ba ta samuwa sai da aiki. A watan Mayu na 2023 aka cire wannan sharaɗi. Waɗanda suka zo a shekarun 1990, bayan faɗuwar shugaban gwamnatin kwaminisancinsu, Ceaușescu, a Disambar 1989, su suka sha kuɗar abin. A teburinmu kaɗai akwai wanda ya yi tuƙin tasi, akwai wanda ya yi aikin dare a masana'anta yana ɗaure kwali.

Wanda na fi daɗewa da shi wani dattijo ne, injiniyan nukiliya. Ya yi aiki a tashar wutar nukiliya ta Cernavodă da ke bakin kogin Danube a Romaniya, wadda aka gina da injin nukiliya samfurin Kanada mai suna CANDU. Injinta na farko ya fara aiki a 1996, na biyu a 2007, kuma tana ba Romaniya kusan kashi ɗaya cikin biyar na wutarta. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa ake cin karo da 'yan Romaniya a harkar tashoshin nukiliyar Ontariyo, wato Darlington da Pickering da Bruce: sun san irin injin tun daga gida. Ya ce a zamaninsu kana gama jami'a gwamnati ce ke tura ka inda za ka yi aiki, shekara uku ba ka da ta cewa, don haka sun iso Kanada ba su taɓa neman aiki ba a rayuwarsu. Na ce, "Baba, to yaya kuka yi har kuka haɗa kanku haka?" Ya yi shiru kaɗan. Ya ce da farko ko lambar waya ba sa ba juna, domin sun taso a ƙasar da maƙwabcinka ma yana iya zama kunnen 'yan sandan ciki, Securitate. Duk wanda ya kira taro sai a ce me yake nema. A ɗakin cin abinci na gidajen juna abin ya fara, mutum uku, mutum huɗu, ana koya wa juna yadda ake amsa tambayoyin ganawar aiki.

Kafin azahar wata ta yi ɗan jawabi kan gini da girgizar ƙasa. Ta fara da girgizar yankin Vrancea na ƙasarsu ta 4 ga Maris 1977, wadda ta kashe fiye da mutum 1,500, akasarinsu a Bukarest, ta bi ta kan yadda aka sauya ƙa'idojin gininsu bayan nan. Na cika shafi biyu da rubutu. Mu da muka yi karatu inda ƙasa ba ta motsi, wannan fanni a littafi kawai muka san shi.

Na yi sallah a wani ɗan ɗaki da mai kula da zauren ya buɗe mini ba tare da wata doguwar magana ba. Na zo da fargabar naman alade, sai na tarar suna cikin azumin gabanin Kirsimeti, wanda suke farawa 15 ga Nuwamba, saboda haka akwai teburi guda da babu nama ko kaɗan: ganyen kabeji da aka naɗe da shinkafa da naman kaza (irin mai tsirowa a ƙasa), dakakken wake, da zacuscă ta gasasshen yalo da tattasai. Ga mămăligă kuma, tuwon masara ne sak, sai dai rawaya. Na ƙara.

Ana cikin ci gardama ta tashi. Wani mai manhajar kwamfuta ya ce zai koma Cluj, albashin can ya hau, kuma mahaifiyarsa ta tsufa ita kaɗai. Wata ta ce ya je ya gwada asibitocin tukuna. Wani ya ce ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 23 a 1990 ta dawo kusan miliyan 19, idan kowa ya ce sai an gyara zai koma, wa zai gyara? Murya ta hau, har dattijon ya buga cokali a kofi. Ba wanda ya ci gardamar. Ni dai na yi shiru, domin kowace kalma a ciki na taɓa jin ta a bakinmu, sunayen garuruwa kawai suka bambanta.

Abin da ya dame ni shi ne namu. Muna haɗuwa a suna, a ɗaurin aure, a idi, mu ci mu sha, zumunci ba a fi mu ba. Amma sai ka shekara kana gaisawa da mutum ba ka san injiniyan ruwa ba ne yana aikin gadi, saboda kunya ta hana shi faɗa, kara ta hana ka tambaya. Na san aƙalla biyu a haka.

Rana ta faɗi kafin ƙarfe biyar. Aka janye tebura, aka kafa da'irar rawar hora, yara suna amsa wa iyayensu da Turanci, iyaye suna maimaita musu da Romaniyanci. Na yi magariba, na yi sallama da dattijon, matar jan biro ta ba ni katinta ta ce idan ina da yaro mai fannin gadoji in turo shi, amma ya zo da lissafinsa a hannu.

A bas na kira wani ƙanenmu ɗan Maraɗi da ya gama digiri na biyu a nan yana raba kaya da mota. Na ce ya turo mini takardar aikinsa yau da dare, gobe bayan la'asar ya zo gida mu zauna a kanta. Ya ce, "Yaya, shafi shida ce fa." Na ce ya kawo ta haka.