Tambayar Iya a kan cibiyar jariri

Na fi shekara goma ina karɓar haihuwa kafin in gane cewa ita kanta tambaya koyon ta ake yi. Wata dattijuwa ce ta jawo. Ta kawo jikanta rigakafi washegarin haihuwarsa a gida, na duba shi lafiya lau, na miƙa mata kuloheksidin, man nan da muke ba masu jego su riƙa shafawa a cibiya. Ta juya shi a hannu, ta ce, "Sista, wannan ya fi gashi ne? Ni 'ya'ya tara na gasa wa cibi, duk ta faɗi kafin suna." Na ce, "Iya, ya fi." Ta ƙulle shi a bakin zane ta tafi.

Amsar ta tsaya mini a rai, domin na san a taron bita na ji ta, ban taɓa bin diddiginta ba. Da daddare na ɗauki waya na rubuta sunan maganin da kalmar "amfani" da Ingilishi. Dubban sakamako suka fito: na kurkure baki, na wanke hannu kafin tiyata, na goge fata kafin a sa robar ƙarin ruwa. Na yi ta gungurawa har barci ya ɗauke ni.

Da safe na ba wani likitan yara da muke aiki tare labari. Sai ya ce, "Sista, ya fi ga wa? Ya fi me? Kuma ta wace fuska ya fi?" Ya juya wani tsohon kati ya ja layi huɗu. Ya ce tsarin sunansa PICO, harufan farko na kalmomi huɗu na Ingilishi, kuma Richardson da abokan aikinsa ne suka bayyana shi a 1995, cikin tafiyar nan ta aikin lafiya bisa hujja da su David Sackett da Gordon Guyatt suka yi fice da ita a jami'ar McMaster ta Kanada. Layi na farko, su wa ake magana a kansu. Na biyu, me za a yi musu. Na uku, da me za a kwatanta. Na huɗu, wane sakamako ake son gani.

A layin farko na rubuta "jarirai". Ya girgiza kai. Wanda aka haifa a ɗakin haihuwa aka yanke masa cibiya da almakashin da aka dafa, da wanda aka haifa a ɗakin uwarsa aka yanke da reza, ai ba hali ɗaya suke ciki ba. Na goge na rubuta: jariran da aka haifa a gida, a yankin da mutuwar jarirai ta yi yawa. Layi na biyu bai ba ni wuya ba: kuloheksidin mai ƙarfin kashi 4 cikin 100, kullum, daga ranar haihuwa har mako guda. A na uku na sa barin cibiya a tsabtace ta bushe da kanta. A na huɗu na sa ruɓewar cibiya da mutuwa cikin kwana 28 na farko. Na aje biro, sai likita ya ce, "Iya fa, me ta ce ya dame ta?" Nan na tuna da maganar suna. Na ƙara layi: kwana nawa cibiya ke yi kafin ta faɗi.

Da waɗannan kalmomi na shiga PubMed da ma'ajiyar Cochrane, shafukan intanet da ake tara rahotannin binciken lafiya. Abin da ya fito bai wuce in karanta a dare biyu ba, kuma duka a kan cibiya yake.

A Nepal a 2006, sai Bangaladash da Pakistan a 2012, an yi manyan gwaje-gwaje a ƙauyukan da galibin mata ke haihuwa a gida, aka ga maganin ya rage ruɓewar cibiya, ya kuma rage mutuwar jarirai. Amma a 2016 aka fitar da sakamakon wasu guda biyu, ɗaya a Zambiya, ɗaya a tsibirin Pemba na Tanzaniya, inda haihuwa a asibiti ta fi yawa, mutuwar jarirai kuma ba ta kai ta can ba. A nan maganin bai rage mutuwa ba. Da a ce "jarirai" kawai na bari a layin farko, da na ce masana sun saɓa wa juna, in rufe wayar. Amma tun da na san jariran da nake nufi, na gane wane gwajin ya yi kama da jikan Iya. Hukumar Lafiya ta Duniya ma haka ta raba maganar a 2013: a shafa wa waɗanda aka haifa a gida inda jarirai 30 ko fiye ke mutuwa cikin kowane 1,000. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna a Najeriya 39 ne. A 2022 hukumar ta sake fasalin shawarar, ta ce a shafa a wuraren da aka saba sa wa cibiya abubuwa masu cutarwa, kamar kashin dabbobi.

Layin da na ƙara a ƙarshe shi ya fi yi mini amfani. Abin da na karanta ya nuna maganin yakan ɗan jinkirta faɗuwar cibiya. Ashe shi ya sa nake ganin mata sun fara shafawa, a kwana na huɗu su watsar su koma gashi da tsumma ko man goge baki, don kada ranar suna ta zo cibiya na nan. Shekara da shekaru ina ɗauka rashin jin magana ne, alhali ni ce ban faɗa musu abin da za su gani ba. Wannan ya yi mini ciwo.

Yanzu idan na miƙa maganin nakan ce, "Wataƙila ta ƙara kwana ɗaya ko biyu kafin ta faɗi, kada hankalinku ya tashi, kada ku sa komai a kai." Nakan kuma nuna da yatsa in ce cibiya kaɗai, ban da ido, domin a 2019 hukumar ta yi gargaɗi bayan an samu jariran da aka ɗiga musu shi a ido ya makantar da su.

Iya ta dawo da yaron allurar mako shida. Na ce, "Iya, ranar na amsa miki da gaggawa." Na zauna na faɗa mata abin da na gano, har da jinkirin. Ta ce ai ta lura, tasa sai washegarin suna ta faɗi, maƙwabta har sun fara magana, amma ta daure ba ta gasa ba. Ta ɗaga rigarsa ta nuna mini wurin, ya warke sumul. Sai ta ce surukarta ɗaya na da tsohon ciki, in aje mata guda.