Laraba: ciyawar kududdufi da fitila mai caji

Yau aka yi gwajin da na daɗe ina yi wa 'yan aji shida alkawari, na yadda tsiro ke haɗa abincinsa da haske. Littafinmu ciyawar Elodiya ya ce a nemo, ita kuwa asalinta Arewacin Amurka ne, ba ni da inda zan same ta. Don haka tun jiya na roƙi wani ɗalibi da gidansu ke bakin kududdufi ya tsinko mana irin tamu mai siraran ganye da ke zaune a ƙarƙashin ruwa. Ya kawo ta cikin robar fenti, har da dodon koɗi guda biyu da sai da aka fitar da su kafin 'yan mata su yarda su matso.

Babu wuta a ɗakin gwaje-gwaje, wannan ba sabon abu ba ne. Na zo da fitila mai caji daga gida, muka rufe tagogi da tsofaffin kwalaye. Na yanke gindin reshe ɗaya a karkace, na juya shi yankakken yana kallon sama, na maƙala masa ƙaramin ƙarfe don ya nutse a cikin kwalbar gilashi. Aikin yaran shi ne su ƙirga ƙwayoyin kumfar da ke fita daga yankan a cikin minti ɗaya, fitila tana santimita 10 daga kwalbar, sannan 20, sannan 40. Kumfar nan mafi yawanta iskar oksijin ce, ita ce shaidar cewa ganyen yana fasa ruwa da ƙarfin haske, yana haɗa sukari daga iskar kabon dayoksaid. Gwargwadon saurin kumfa, gwargwadon saurin aikin.

Da farko ciyawar ta ƙi. Ruwan ya kwana a waje cikin sanyin hunturu, sa hannu a ciki ma sai ka janye. Wani daga baya ya ce, "Malam, ai ita ma sanyi take ji." Aji ya fashe da dariya, amma gaskiyarsa ce. Muka sirka da ɗan ruwan ɗumi daga fulas ɗin shayina, muka jira, sai ga ƙwayoyi sun fara ɓullowa ɗaya bayan ɗaya.

A santimita 10 mai ƙirge har harshensa na harɗewa. Da aka ja fitilar zuwa 20, duk sun sa ran kumfar za ta ragu da rabi tunda tazara ta ninka. Ta faɗi ƙasa da haka sosai. A 40 kuwa sai an jira an gaji kafin ɗaya ta fito. Na tambaye su dalili, aka yi tsit. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce malamin fizis ya koya musu cewa haske yana bajewa ne, in tazara ta ninka sau biyu ƙarfinsa kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa, in ta ninka sau huɗu ya koma ɗaya cikin 16. Na ji daɗin wannan amsa ƙwarai. Yaranmu sun saba ɗaukar kowane darasi a matsayin abin da ke ƙarewa da bugun ƙararrawa, da wuya ka ga an ɗauko na wancan aji an shigo da shi wannan.

Na ɗan ba su tarihi kafin mu fita. A 1771 masanin kimiyya Joseph Priestley ya lura a Ingila cewa tsiron na'ana'a yana gyara iskar da kyandir ya ɓata a cikin rufaffen gilashi, amma abin wani lokaci ya yi, wani lokaci ya ƙi. Likitan nan ɗan ƙasar Holan, Jan Ingenhousz, shi ne ya gano a 1779 cewa sai da haske, kuma koren sashen tsiro ne kawai ke yi. Shi ma ganye ya nutsar a ruwa ya zauna yana kallon kumfa, yadda muka yi yau.

Fitilata ba ta da ƙarfin da za ta nuna musu rabin labarin na biyu, sai muka ɗauki kwalbar muka fita wajen sha ɗaya da rabi, lokacin hazo ya ɗan washe. A tsakiyar inuwar darbejiya kumfa tana tafiya a hankali. A gefen inuwar ta ƙaru sosai. Muka kai ta tsakiyar fili inda rana ke dukan ƙasa, kowa na jiran ya ga ta tafasa. Abin da ta ƙara bai taka kara ya karya ba. Nan gardama ta tashi, wasu na cewa ciyawar ta gaji, wasu na cewa mai ƙirgen ne ya gaji. Na ciro ƙullin soda irin ta masu yin kek, na barbaɗa kaɗan na motsa. Bayan ɗan lokaci kumfa ta jeru ba yankewa.

A nan na fi so su tsaya su yi tunani. Haske yana nan a wadace, abin da ya yanke wa ciyawar shi ne kabon dayoksaid, sodar kuma shi ta kawo. Na ce musu su dubi injin niƙa: in an cika shi da mai amma hatsin da ake zuba masa ɗan kaɗan ne, garin da zai fito bai wuce na wannan hatsin ba. Masanin tsirrai Frederick Blackman ya rubuta wannan ƙa'ida a 1905, cewa abin da ya fi ƙaranci shi ke yanke saurin aikin gaba ɗaya. Da safe sanyi ne ya riƙe mu, a cikin ɗaki haske, a fili kuma iskar kabon dayoksaid. Shi ya sa zanen saurin aikin ganye da ƙarfin haske da ke fitowa a jarrabawar WAEC yake hawa a miƙe sannan ya kwanta. A iskar da muke shaƙa ma kabon dayoksaid ɗin kusan kashi 0.04 cikin 100 ne kacal, don haka ganyen da ke tsakiyar rana sau da yawa ba haske yake nema ba.

Wani ya tambaya ko kanwa za ta yi aikin sodar. Akwai irin sinadarin a cikinta, amma haɗe yake da wani mai kaifi da ke sauya ruwan, ga ƙasa da datti. Na ce ya gwada a gida ya kawo mana labari.

Bayan an tashi na tsaya wanke kwalba a bakin famfo, Baba maigadi ya matso. Tun ɗazu yana kallonmu muna yawo da ciyawa daga inuwa zuwa rana. Da na yi masa bayani sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai wannan ko yaron da ke bin ubansa gona ya sani. Wake a ƙarƙashin gero haƙuri yake yi. Ranar da aka girbe gero aka kwantar da kara, ranar yake miƙe ƙafa." Ya ƙara da cewa ba ya shuka gero kusa da ɗorawa ko mangwaro, don zangarniya ba ta yin kirki, barkono yake sawa a wurin. Gawo kuwa, ya ce, ko kusa da gindinsa ka shuka sai ka cika rumbu.

Na ce, "Baba, da kai ya kamata ka shiga ajin yau." Duk abin da ya faɗa akwai bayaninsa. Gero, dawa, masara da rake suna cikin rukunin da ake kira C4. Ganyensu yana tattara kabon dayoksaid ya cusa shi a wasu ƙwayoyin ciki, don haka ƙarin rana ƙarin aiki ne a wurinsu har kusan tsakar rana, zafi kuma bai cika karya su ba. Wasu masana biyu, Hatch da Slack, su ne suka fayyace wannan hanya a Ostareliya a 1966, da ganyen rake. Wake, gyaɗa, shinkafa, alkama da barkono 'yan C3 ne, ganyensu yakan ƙoshi da haske tun rana ba ta kai rabin ƙarfinta ba. Saboda haka wake ke iya rayuwa a ƙarƙashin gero, gero kuwa ba zai yarda a rufe shi ba. Amma inuwar ma tana da iyaka. Tsiro yana numfashi dare da rana, yana ƙone sukarin da ya tara, in hasken ya yi ƙasa har abin da yake haɗawa bai wuce abin da yake ci ba, girma ya tsaya. Masu binciken cibiyar nazarin aikin gona ta IITA da ke Kano sun daɗe suna ba manoma shawarar layi biyu na hatsi, layi huɗu na wake, don waken ya samu rana tun yana ƙarami.

Gawo shi ne ya fi burge ni. Yana zubar da ganye in damina ta kama, ya fitar da sabo da rani, akasin sauran itatuwa. Lokacin da gero ke buƙatar haske shi ba shi da inuwar kirki, ga ganyen da ya zubar ya zama taki, ga kashin dabbobin da suka sha inuwarsa da rani. Duk wanda ya taɓa bi ta Matamaye ko Magarya a ƙasar Damagaram ya ga yadda aka bar shi tsaye cikin gonaki. Manhajar da nake koyarwa ba ta ambaci gawo ko sau ɗaya a wannan babi ba, kuma a ganina da shi ya kamata a buɗe babin a makarantun ƙasar Hausa, kumfa ta biyo baya.

Saura gwajin neman sitaci a ganye ranar Juma'a. Na kulle shukar wake da ke cikin tukunya a kabad don ta yi kwana biyu a duhu ta cinye abin da ta tara, na kuma ja kunnen monita kada wani ya buɗe. Aidin yana nan, sifirit ne ya ƙare, sai na biya kemis gobe da safe kafin in shiga makaranta.