Sabulun Danmak ya kunyata ni, na koma madaci

'Yan uwa, yau sai dai haƙuri. Teburin gefen gadon nan da nake haɗawa, nake ta cika muku baki a kansa, jiya na cire samansa na jingine a bango.

Wata biyu ina kai-kawo tsakanin salon Sikandinabiya (ƙasashen arewacin Turai irin su Danmak) mai farin katako, da salon Amurka na tsakiyar ƙarni na 20, irin na masu zanen kayan ɗaki Charles da Ray Eames, mai katako mai duhu da siraran ƙafafu a karkace. Farin ne ya ja ni, na sayi malaina tunda shi ne mai hasken da ke kusa da mu. Falanki biyu naira dubu 22, har yanzu abin na ci min rai.

Shafin ƙarshe da ake yi wa katako ne ya kayar da ni. Mutanen Danmak sabulu zalla suke shafa wa katako: a narka shi a ruwan zafi, ya huce ya yi kauri, a shafa, a goge, in ya bushe a bi da sanfefa mai laushi. Kujerar nan mai baya kamar harafin Y da Hans Wegner, mai zanen kujeru ɗan Danmak, ya zana a 1949, har yau ana sayar da ita da irin wannan shafi. Na shafa wa teburina sau huɗu. Duk shafawa sai gashin katakon ya miƙe, in sake gogewa. Ranar da ya yi sumul har na ɗauki hoto, na ɗora kofin shayi, ya bar min zobe a tsakiya. Kwana uku kuma ƙurar hunturu ta shige shi, na sa jiƙaƙƙen tsumma, sabulun ya biyo tsumman. Haba!

Sai daga baya na zauna na yi tunani. Su can dogon duhun lokacin sanyi ne ya sa suke farautar haske a ɗaki. Ni a Kano labule nake saki don gudun rana.

Na jawo ragowar madaci na yanka sabon sama, na shafa man linsid, wani man tsiro da ake shafa wa katako, sau uku, kwana guda tsakani. Wallahi jan nan da ya fito sai da na kira uwargida ta gani. Ku dai kula da tsumman man, a baza shi a waje ya bushe, in aka dunƙule shi yana iya kamawa da wuta da kansa.

Ƙafafun na karkata su digiri 10. Ɗaya tana ɗan rawa, ita ce aikin Asabar.