Na je Filibi na dawo da gyale biyu

Da sassafe muka taso daga Tasalonika a ƙasar Girka, bas ɗaya cike da mu, yawanci 'yan Jos da Kaduna. Wajen awa biyu muka yi kafin Kavala, garin bakin teku da Ayyukan Manzanni ke kira Niyabolis, nan jirgin ruwan Bulus ya tsaya da ya haye zuwa Makidoniya. Ni dai rabin hanyar barci na sha, kar ku tambaye ni me na gani. Daga Kavala zuwa Filibi kuma kamar kilomita 15 ne kawai.

To Filibin yanzu kango ne fa, duwatsu da ginshiƙai a zube, rana kuma kamar ta Maris a gida. Mai yi mana jagora, wata Bagirkiya, ta ce Filibus na biyu baban Iskandari mai girma ne ya sa wa garin sunansa a 356 kafin haihuwar Almasihu, a filin da ke gefe kuma aka gwabza yaƙin Romawa a 42 kafin haihuwar Almasihu, bayan nan aka zaunar da tsoffin sojoji a garin har mutanen suka riƙa ji da kansu su 'yan Roma ne. Nan na gane abin da ya sa Bulus ya rubuta musu cewa ƙasarmu ta ainihi a sama take, ashe masu taƙama da takardar zama ɗan ƙasa yake wa magana. Mun taka duwatsun tsohuwar hanyar Egnatiya, aka kai mu wani ɗan ɗaki da ake ce wa kurkukun Bulus da Sila, matar ba ta ɓoye mana ba ta ce asalinsa ma'ajiyar ruwa ce ta Romawa, daga baya mutane suka riƙe shi a haka. Wata Mama a cikinmu ta ce ita ba ruwanta, ta durƙusa ta yi kukanta son ranta.

Amma ni ba a nan abin ya kama ni ba, a bakin rafin da ake cewa nan aka yi wa Lidiya baftisma ne, mai sayar da kayan shunayya 'yar Tayatira. Ruwa mai sanyi, inuwa, muka zazzauna Baba Fasto ya ce a karanta wasiƙar Bulus ga Filibiyawa gaba ɗaya da murya tunda sura 4 ce kawai, kowa ya ɗauki 'yan ayoyi. Gaskiya tun ina yarinya ban taɓa jinta daga farko har ƙarshe a zama ɗaya ba, aya ɗaya muka riƙe, 4:13, wadda ake liƙawa a bayan keke napep da ƙofar shago, alhali in ka duba abin da ya zo kafinta mutum ne a ɗaure yake cewa ya koyi zama da yunwa ya koyi zama da ƙoshi, yana gode musu kan taimakon da suka aiko ta hannun Abafaroditus wanda ya yi ciwo har ya kusa mutuwa.

Ni kuma sai farkon sura 4 ta faɗo a kaina. Ina cikin karantawa na zo wurin da yake roƙon Afodiya, yake roƙon Sintiki, su daidaita a cikin Ubangiji, sai murya ta maƙale. Ku tuna fa a gaban ikilisiya ake karanta irin wannan wasiƙa, matan nan suna zaune aka kira sunayensu. Kuma bai faɗi wa ke da laifi ba, ko me ya haɗa su bai faɗa ba, cewa ya yi sun sha wahala tare da shi a aikin bishara, a taimake su.

Shekara biyu ke nan ba ma gaisawa da wata a zumuntar matanmu, kan kuɗin anko, kuɗin da yanzu ko mudu biyar na shinkafa ba zai saya ba, kuma tare muka yi shekaru muna zaga asibiti gaida marasa lafiya. Har gobe ina ganin ni ke da gaskiya, ba zan yi muku ƙarya ba. Baba Fasto ya ce "'Yata, ci gaba mana," na ce rana ce ta shiga min ido Baba, a inuwa fa muke zaune.

A Kavala da yamma na sayi gyale kalar shunayya guda biyu, kuɗin Yuro sai da ya sa na yi lissafi sau uku. Ɗaya na yafa shi ranar Lahadin da na dawo. Ɗayan yana cikin leda a jakar coci, mako uku ke nan ina zuwa da shi ina komawa da shi, benci biyu ne tsakanina da ita.