Jirgi na huɗu, mai cin mushe

Mu da muke zaune a Agege ƙarar jirgi ba baƙon abu bane, na Ikeja kullum ta saman kanmu suke wucewa har mun daina ɗaga kai. Amma daren jiya a teburin mai shayi wani ƙanena ya miƙo min waya yace Yaya kalli wannan, wallahi har shayina ya huce ban sani ba. Jirage takwas ne a jere kamar an ɗinke su da zare, suna fesa hayaƙi shuɗi da fari da ja.

Patrouille de France ake ce musu, na sojan saman Faransa. Sunan a 1953 suka samo shi wajen wani wasan jirage a Aljiyas, mai sharhi ne abin ya burge shi ya kira su haka da lasifika, shikenan suna ya bi su. Sun canja jirage kala kala, daga 1964 suna kan Fouga Magister, sai 1981 suka koma Alpha Jet, eh irin dai wanda sojan samanmu na Najeriya suke dashi, abinda ya ƙara sa naji abin ya shige ni kenan.

Matuƙan tara ne, takwas suna sama ɗaya na jiran ko ta kwana. Jagora a gaba, biyu a gefensa dama da hagu, wasu daga waje, da masu ɓallewa su fuskanci juna kamar zasu yi karo, kuma tazarar dake tsakanin jirgi da jirgi bata wuce mita biyu zuwa uku ba.

Ni dai na huɗun ne ya tsaya min a rai. Da Faransanci sunansa na nufin mai cin mushe, kamar ungulu kenan, saboda a bayan jagora yake daf da wutsiyarsa, duk hayaƙin shi yake sha, shekara guda cur yana kallon yadda oga ke juya jirgi da yadda yake bada umarni, to shekara na zagayowa shi ake miƙawa jagorancin. Virginie Guyot ma nan ta zauna a 2009 kafin ta jagorance su a 2010, mace ta farko.

Ƙanen nawa yaron shago ne a wajen wani makaniki, shekararsa ta uku kenan yana miƙa sifana. Da na gaya mishi labarin na huɗun bai ce komai ba, wayarsa kawai ya karɓa ya mayar da bidiyon baya yana neman wanne ne a ciki.